Masu Ɗumama Sama

A ɗakin jira na likitan ido a garin Leamington, wata tsohuwa ta dubi hannun mutumin da ke gefenta, ganyen tumatir ya rina shi kore.

"Ɗana, a gidan gilashi kake noma? Warware mini: dusar ƙanƙara na zuba, ku kuna buɗe tagogin rufi. Lafiya?"

"Zafi ne, Iya."

"Zafi? A Janairu?"

"Fitilun da muke kunna wa tumatir ke dafa ɗakin. Maƙwabta sun kai ƙara wai haskenmu na hana su barci, hukuma ta ce mu ja labule. Labule ya tare haske, ya kuma tare zafi a ciki. Sai mu buɗe taga."

"Sanyi bai shiga?"

"Yana shiga. Sai mu ƙona gas mu ɗumama."

"Wato sama kuke ɗumamawa?"

"Ni ma ban gane ba, Iya."

"Tsaya. Yaushe kuka ja labulen?"

"Watan jiya."

Tsohuwa ta ɗauki jakarta, ta miƙe.

"Ni na kai ƙarar. Tun watan jiya nake ganin dare baƙi ƙirin, na zaci idona ne ya mutu."