Na Sha Ƙwayata, Na Kuma Shayar da 'Yata

Ina gaishe ku da sunan Yesu Almasihu Mai Cetonmu, iyayena da 'yan'uwana mata na zumunta. Salamarsa ta zauna a kanku.

Sunana Lariba, matar Yakubu kafinta, mai koko da ƙosai a bakin hanyar Lamashegu. Da yawanku kun ji labarin nan, amma a bakin wasu kuka ji shi. Yau za ku ji a bakina. An ja ni gefe an ce in sassauta, kada in ɓata wa kowa rai. Ban zo ɓata rai ba, amma ba zan rage ko kalma ɗaya ba.

Na haifi Rahila a shekarar da ƙasarmu ta sami 'yancin kai. Gari duk kiɗa da rawa, ni ma da nawa farin cikin a bayana. Wata huɗu da haihuwa sai jikina ya fara juya mini baya. Rana tsaka, kowa na gumi, ni ina lulluɓe da zane biyu ina rawar sanyi. Fuskata ta kumbura, gashina yana bin mataji, muryata ta dushe kamar ta tsoho. Ni da nake ɗaukar tukunyar koko ni kaɗai, taɓarya ta gagare ni ɗagawa.

Yakubu ya ɗora ni a keke ya kai ni asibiti. Likita ya taɓa wuyana, ya ce maƙoƙo ne ke tasowa, ya ba ni wata 'yar kwalba cike da ƙananan ƙwayoyi, ɗaya kowace safiya. Ban tambaye shi komai ba. A lokacin ni mace ce da ba ta tambaya. Duk abin da aka ce mini, "to" ce amsata.

A gida Mma Azumi ta ga kwalbar. Yayar mijina ce, ita ta goya shi bayan rasuwar uwarsu, maganarta kuwa ba a tsallake ta a gidanmu. Ta juya kwalbar a hannu ta ce, "Ba irin wannan aka ba Talata ta unguwar nan ba, lokacin da jaririnta ya rasu? Kwana uku nononta ya ƙafe ƙaf. Wanda bai ƙafe ba kuma, dafi ne a cikin yarinya. Ki zaɓa, ko ƙwaya ko nono."

Yakubu ya ce, "Mma, likita ne fa ya ba ta. Za ta sha."

Wasu daga cikin matan zumuntar nan ma sun zo gaishe ni, suka ce wadda ta dogara ga Ubangiji me za ta yi da ƙwayar Bature? Ba zan kira suna ba. Sun san kansu, na kuma yafe musu.

'Yan'uwa, na taɓa binne ɗa. Ɗana na fari, an cire shi daga nono da wuri, aka ɗora shi a kan koko, gudawa ta ɗauke shi cikin mako guda. Wadda ta ga wannan, in aka ce mata nononta zai ƙafe, ba ta jin wata magana kuma.

To ga laifina, zan faɗa a gabanku. Kowace safiya sai in ɗauki ƙwaya a gaban mijina, in kai hannu baki, in kurɓi ruwa. Yana fita sai in tusa ta cikin tokar murhu. Mako shida ina wannan ƙarya. Har laya na karɓo wurin wani boka na ɗaura a ƙugu, ni da aka yi wa baftisma! Tsoro ya mai da ni maƙaryaciya a gidana, mai fuska biyu a gaban Allahna.

Sai me ya faru? Nonon da nake tsaro, shi ne ya fara ƙafewa. Rahila ta kama ta ja, ta saki, ta tsala ihu. Hannayenta suka zama kamar tsinke.

Mma Azumi ta tara mu ta ce, "Kun gani? Ƙwayar ce. Na faɗa ba ku ji ba. Ran Asabar zan tafi da yarinyar ƙauye, matar ɗana tana goyo, ita za ta shayar da ita." Yakubu ya sunkuyar da kai. Ni kaɗai a duniya na san ko ƙwaya ɗaya ba ta shiga cikina ba, amma bakina ya ƙi buɗuwa.

Ran Alhamis da tsakar rana gidan ba kowa. Na zauna a bakin murhu, yarinya na kuka a cinyata, ba hawaye ma a idonta. Na durƙusa a nan cikin toka. Ba addu'ar ladabi na yi ba, da ƙarfi na yi ta. Na ce, "Yesu, ka ɗauki ɗaya na yi shiru. Wannan ba zan yi shiru ba! Na ji tsoron Mma, na ji tsoron mata, na ji tsoron boka, kai kaɗai ne ban ji tsoronka ba. Ka gafarta mini, ka ba ni baki!"

Ban ga haske ba, ban ji murya daga sama ba. Abin da na ji shi ne tsoron ya sauka daga ƙirjina kamar an sauke mini tulu. Na tsinke layar na jefa a wuta. Na goya Rahila na kama hanyar asibiti da ƙafa, ina tafiya ina hutawa a gindin bishiyoyi.

Na tarar da wata nas, 'yar ƙabilar Asante, Hausarta guntu-guntu. Na ajiye kwalbar a gabanta na ce, "Ban sha ba. Ba kuma zan tashi daga nan ba sai an gaya mini abin da wannan zai yi wa 'yata."

Ba ta yi mini tsawa ba. Ta kira likita, ya yi bayani, ita tana juya mini. Ta ce a wuyan kowane mutum akwai wani ɗan nama da ke zuba wani abu cikin jini, shi ke ba jiki ɗumi da ƙarfi. "Naka ya gaji, Mma. Ƙwaya nan, abin da jiki naka ya rasa ne. Ba ya cuta yaro. Rashin shi ne ya sa nono ya tafi." Na ce, to ta Talata fa? Ta ce waccan dabam ce, ana ba da ita ne musamman don a tsayar da nono. Kamannin ne ɗaya, aikin ba ɗaya ba. Ta ce in sha, in yi ta sa yarinya a nono ko da ba ya zuwa, in samo mai taimaka mini da shayarwa kafin nawa ya dawo, in kuma dawo a duba ni.

Ran Asabar Mma Azumi ta zo da ƙullin kayan Rahila a hannu, lori na jira a tasha. Ni ban warke ba tukuna, ba ni da wata shaida da zan nuna. Na miƙe a tsakar gida na ce, "Mma, kin goyi mijina, ba zan taɓa raina ki ba. Amma ba ƙwaya ce ta ƙafar da nonona ba, don ban sha ba. Ku tona tokar nan ku gani. Ƙarya na yi muku duka."

Yakubu ya dube ni kamar bai san ni ba.

Na buɗe kwalbar, na haɗiye ɗaya a gabansu, na kwance Rahila na sa ta a nono. Na ce, "'Yata ba ta zuwa ko'ina."

Mma ta ce, "In ta mutu, a wuyanki."

Na ce, "Na ɗauka. Ni da Yesu."

Yakubu ya je ya karɓi ƙullin daga hannun yayarsa ya mayar ɗaki. Kwana uku bai yi mini magana ba saboda ƙaryar, ya kuwa yi daidai.

Ku ji wadda Allah ya aiko. Maƙwabciyata Sanatu, 'yar ƙabilar Dagomba, Musulma, tana da nata goyon. Ta leƙo ta katanga ta ce, "Kawo yaro, nono nawa ya isa biyu." Safe da yamma tana shayar da Rahila, kusan wata guda. Allah ya saka mata!

A hankali sanyin ya sake ni. Muryata ta dawo. Wata Lahadi ina tsaye a cikin ɗakin sujadar nan muna waƙa, sai na ji gaban rigata ya jiƙe sharaf. Halleluya! Na fita da gudu ina kuka ina dariya. Na shayar da Rahila har ta shekara biyu, na haifi ƙaninta, shi ma na shayar da shi ina shan ƙwayata. Mma Azumi ba ta taɓa cewa ta yi kuskure ba, amma duk zuwanta sai ta tambaye ni ko na sha ta yau.

Har gobe ina sha, likita ya ce wataƙila har ƙarshen raina. Akwai masu cewa ai wadda take shan magani ba ta warke ba. Su faɗa! Abin da Yesu ya cire mini ya fi maƙoƙo girma. Ya cire mini tsoron mutane.

Ban ce kowace ƙwaya ta dace da mai goyo ba. Cewa na yi ku tambayi waɗanda suka sani, ku tambaya da ƙarfi, kada ku binne maganinku a ɓoye kuna mutuwa a tsaye. Wadda kunya ta hana ta, ta same ni wurin koko. Zan rufe tukunyata in raka ta, in bakinta ya ƙi buɗuwa in ara mata nawa.

Godiya da ɗaukaka su tabbata ga Yesu. Ku dogara gare shi, ba ya kunyata mai kiransa. Amin.