Wasiƙa ga Alƙalin Kansila Wozniak

A gidan wayar unguwarmu a Chicago, wata tsohuwa da ke gabana a layi ta miƙa wa mutumin da ke kusa da ita ambulan da biro.

"Ɗana, rubuta mini adireshin kotun tarayya, hannuna rawa yake. Alƙali zan roƙa ya sassauta wa Kansila Wozniak. Makon gobe za a yanke masa hukunci."

"Wanda aka kama da cin hanci, Mama?"

"Wane irin cin hanci! Shekarar da ƙanƙara ta rufe mu, shi ya sa aka share layinmu har motar asibiti ta samu ta ɗauki mijina. Wani mara kunya ne, mai gidan burodi, ya ɓoye na'ura a riga ya naɗi maganarsa. Tun ranar ban ƙara cin burodinsu ba."

Mutumin ya rubuta, ya miƙa mata.

"Har da sunan alƙalin? Ban fa gaya maka ba."

"Kwana uku na yi a gabansa ina ba da shaida. Shekara biyu Kansila yana hana ni izinin gyara shago, wai sai na ba shi nasa."

Ta juyo gare shi.

"Ashe kai ne. To me ya kawo ka nan?"

Ya ɗaga nasa ambulan. Adireshin iri ɗaya ne.

"Da Kansila aka ɗauki akwatin gawar babana, Mama. Yanzu shekararsa saba'in da takwas. Ba na so ya mutu a kurkuku."

Tsohuwar ta buɗe jaka, ta yi ta lalube.

"Kawo nan in manna maka kan sarki. Ina da saura."