Guguwar Jega Za Ta Aliero Ran Assabar

ZULAI: Salamu alaikum. Alo? Wa ka magana?

MAGAJI: Wa alaikumus salam. Yaya Zulai, ni na, Magaji.

ZULAI: Wa?

MAGAJI: Magaji, ƙanenki. Daga Jega.

ZULAI: Af, Magaji. An aiko in zo gidan Alhaji Sanusi ana kirana ga waya, nic ce to, wa kuma yar rasu. Hannuna duk ƙullu nit taho. Ina wuni?

MAGAJI: Lahiya lau, Yaya. Ina gajiya?

ZULAI: Babu gajiya. Ina zahi?

MAGAJI: Lokacinai na. Ƙaƙa Malam Barau da jama'ar gida?

ZULAI: Malam shina nan cikin masu karaya, ba shi samun ko zama. Ina Kulsum da ɗiya?

MAGAJI: Duk lahiya. Tana gaishe ki.

ZULAI: Ina amsawa. Ƙaƙa kasuwa?

MAGAJI: Da godiya. To... ƙaƙa ɗan naki?

ZULAI: Ɗan naka dai, Murtala? Shina nan. Shina cin abinci sosai, hal ya yi kumatu.

MAGAJI: Madalla. Ƙahwar hwa?

ZULAI: Mi kac ce? Layin ga shina ta ƙara kamar ana suya.

MAGAJI: Nic ce ƙahwar.

ZULAI: Da sauƙi. Kai, ashe ku na za ku zo muna ran Assabar? Tun jiya mota ka yawo da lasifika tana shela, wai Guguwar Jega za ta zo ta sha kashi bayan la'asar.

MAGAJI: Hakanan sunka ce?

ZULAI: Hal da sunanka. Wai koci Magaji shi taho da kwandon kwasar ƙwallaye.

MAGAJI: Ai maganar ke nan tas sa nik kira. Ina son ki gaya mani yadda garin yake, da hilin.

ZULAI: Ni? Ni da ban san gaban ƙwallo da bayanta ba? Jega da Aliero wane nisa na, ba ka hawo mota ka gani da idonka?

MAGAJI: Cikin makon wasa? In anka ganni Aliero yau, kahin magariba an ce na zo rihe laya ƙarƙashin raga. Bara wani baƙo kawai yat tsuguna kusa da hilin, sai da sunka tone wurin hal gwiwa. Kuma kin san Malam ya hana ni gidanku.

ZULAI: Ai kai kaj ja. Kowane zuwa sai ka tada yaro tsaye, ka ce taka mu gani. Mai ɗori shina ɗaurewa, kai kana kwancewa.

MAGAJI: To na ji. Hilin dai.

ZULAI: Hilin bayan makaranta? Babu hili yanzu, tasha ta. Albasa ta yi yawa bana, tasha ta cika, manyan motoci can suka lodi. Sun ce sai Alhamis za su tashi.

MAGAJI: Cikin hilin kansa?

ZULAI: Tsakiya. Wata ma ta kahe, hal anka zuba ruwa anka tone. Yanzu sawun taya ya bushe, ya yi kunya-kunya kamar gonar dankali. Jiya jakin wani yak karye nan, anka kawo ma Malam, yac ce shi mutane shika yi.

MAGAJI: Wane gehe na ramun?

ZULAI: Gehen gabas, wajen kududduhi.

MAGAJI: To nan za su ba mu da hwarko. Na san su. 'Yan wasansu hwa? Ɗantsoho shina nan?

ZULAI: Wanda ka ɗaukar buhu biyu? Shina nan. Dukansu ai masu lodi na. Tun asuba suna ɗaga buhu, da yamma su shiga hili ko numhwashi ba su yi. Uwar golan nasu maƙwabciyata ta, tac ce tun da anka hwara wasan bana ɗanta bai ko wanke wandonai ba, don ba shi hwaɗuwa ƙasa.

MAGAJI: Uhum.

ZULAI: Kuma ka gaya ma yaranka kar su zo da hwararen kaya. Yaran unguwarmu sun tara ruɓaɓɓiyar albasa daro-daro, sun ɓoye bayan katangar makaranta.

MAGAJI: Wannan mun saba. Warinta ka bin mu hal Jega. Ba ki ji wa za shi hura wasan ba?

ZULAI: An ce wani malamin makaranta na daga Maiyama.

MAGAJI: Maiyama. Shi ke nan. Can anka karya mani yaro, ina tsaye ina kallo, na ji ƙarar ƙashin daga bakin layi, alƙali ko usur bai kai baki ba.

ZULAI: Sai haƙuri. Naku yaran hwa, sun shirya?

MAGAJI: Wane shiri, Yaya? Mu'azu golanmu ya bi motar shanu zuwa kurmi, ba a san ranar dawowatai ba. Zakariyya ya yi aure, surukinai yac ce ko ƙwallo ko ɗiyatai. Wanda za shi tsare muna raga yanzu tela na, in ƙwallo ta taho da ƙarhi sai shi kare yatsunai. Tun da ɗan naki yak kwanta ba mu jehwa ko ɗaya raga ba.

ZULAI: To mi za ku zo yi? Ku ce mota ta lalace mana.

MAGAJI: Ba cin wasa nika nema ba. Wannan na san an gama, su zuba muna ko nawa suka so. Mutanen Birnin Kebbi za su zo.

ZULAI: Su wa?

MAGAJI: Masu zaɓen 'yan wasa. Da muna ƙarƙashin Sakkwato wa yas san da mu? Yanzu da anka ba mu jiharmu, ana haɗa ƙungiyar jiha, sabuwa hul. Suna bin gari-gari. Ran Assabar Aliero za su zauna, daga nan su wuce Yawuri da Zuru, su ruhe. Ɗaya daga cikinsu ya zo hal rumhwata kasuwa, ya kama sunan yaron ga da bakinai. Yac ce an ba shi labarin wani ɗan gaba mai buga hagu.

ZULAI: Allah sarki.

MAGAJI: Ba ni son shi yi wasan duka. Bayan hutu kawai, can wajen ƙarshe, lokacin da munka koma gehen da babu ramu. Shi taɓa ƙwallo sau biyu, sau ukku, su gani. Ko bai ci ba. Wanda yas san ƙwallo, taɓawa ɗaya ta ishe shi. In sunka ɗauke shi, aiki na da albashi, Yaya. Ba shi ƙarewa rumhwar hatsi kamata.

ZULAI: Magaji, in kun zo dai ku biyo gida. Za ni dama muku hura, in yi tuwon shinkahwa. Ku nawa na?

MAGAJI: Yaya, sau biyu ina tambaya kina kai ni wani wuri. Shina tahiya ko ba shi yi?

ZULAI: Shina tahiya. Hal masallaci shika zuwa da kainai.

MAGAJI: Alhamdu lillahi. Da sanda?

ZULAI: Da sanda.

MAGAJI: To ba komi. Yau Talata. Shi riƙa aje ta kaɗan-kaɗan, kahin Assabar shi maida ma Malam abinai zaure.

ZULAI: Ya riga ya maida ta aron.

MAGAJI: Ya maida? To wace sanda kuma kika hwaɗi?

ZULAI: Alo?

MAGAJI: Ina jinki sarai. Wace sanda?

ZULAI: Malam ya sa an saro mai wata.

MAGAJI: Sabuwa?

ZULAI: Sabuwa. Daidai tsawonai.

MAGAJI: Ƙila ta aron ta tsage.

ZULAI: Ba ta tsage ba.

MAGAJI: Ko wani na anka kawo, ana bukatarta.

ZULAI: Magaji, kar ka yi kamar baƙo. Sandunan aro suna nan jingine zaure sun hi a ƙirga. Kowa yaw warke shi maida tashi, shi yi godiya, shi tahi. Ka san gidan ga tun kakan Malam ba su buɗa baki su ce ma mutum ba ka komawa yadda kake. In sunka ga hakanan, sai su gwada tsawon mutum, a saro mai tashi ta kainai, a ba shi kyauta. Wadda ba a maidowa.

MAGAJI: Na sani.

ZULAI: To ita ta.

MAGAJI: Amma kin ce shina tahiya.

ZULAI: Ƙashi ya kama, wannan an gode Allah. Sai dai ta hagun ta gajarta, kamar yatsa ukku. Kuma gwiwar ba ta lanƙwasawa duka. Malam ya gwada da igiya, ya sake gwadawa, ya hita waje, ya dawo ya sake. Ranar ko tuwo bai taɓa ba.

MAGAJI: Ta hagun.

ZULAI: Ita.

MAGAJI: A kai shi asibiti Sakkwato mana. Su suna da hoto, suna ganin ciki.

ZULAI: Malam da kainai yac ce in kana so ka kai shi, ba shi jin haushi. Amma yac ce ko can sai sun sake karya ta, kuma ko sun gyara, tahiya za su gyara. Gudu ya wuce.

MAGAJI: To a yi mai takalmi mai tudu. Akwai wani baduku nan Jega, hannunai da kyau. In anka ƙara ƙasan but ɗin...

ZULAI: Magaji.

MAGAJI: Ko shi tsaya gaban raga kawai, ba sai ya yi gudu ba. A riƙa ba shi bisa kai.

ZULAI: Cikin ramun ga? Da Ɗantsoho bayanai? So kaka a kwaso muna shi karo na biyu?

MAGAJI: A'a.

ZULAI: To.

MAGAJI: Tun shina rarrahe nika tura mai lemun tsami da ƙahwa shina turo mani. Ban koya mai awo ba, ban koya mai noma ba. Nic ce wanga ba shi zama kasuwa.

ZULAI: Allah bai ruhe mai ƙohwa ba, da ranai da lahiyatai.

MAGAJI: Shi mi yac ce da anka ba shi?

ZULAI: Nan na maganar take. Shi ɗan Jega na, bai san al'adar gidan ga ba. Ya ɗauka tukuici na Malam yay yi mai don ya yi haƙurin kwanciya. Murna shika yi. Ya shahe ta da man gyaɗa tana ta ƙyalli, kowa yag gamu da shi hanyar masallaci sai ya nuna mai. Su kau mutanen unguwa sun sani. Sai su duƙad da kai, su ce Allah shi ƙara sauƙi, su wuce da sauri.

MAGAJI: Babu wanda yag gaya mai?

ZULAI: Wa za shi iya? Ni na gwada shekaranjiya, na kai mai hura, na zauna. Sai nit tarar ya naɗe tsumma ya yi ƙwallo, shina zaune bakin gado shina taɓa ta da ƙahwar. Yac ce, Gwaggo, kin ga ta hwara jin magana. Na ɗauki ƙwaryata nih hito.

MAGAJI: Malam hwa?

ZULAI: Malam yac ce nashi aikin ya ƙare ga sanda. Magana ta uba ta.

MAGAJI: To a bari sai bayan wasa. In na zo, na zauna da shi.

ZULAI: Bayan wasa? Yaron da yac ce ko da jan ciki sai ya je hilin ran Assabar? Ya ji shela, ya ji labarin mutanen Birnin Kebbi. Za shi shigo da sandar ga gaban Aliero duka, kowa ya san mi taka nuhi sai shi. Yaran da sunka tara ruɓaɓɓiyar albasa kaka zaton za su yi mai kara? Daga bakinsu za shi ji, cikin ihu, gaban baƙin naka.

MAGAJI: Ki hana shi hita.

ZULAI: In ce mai mi?

MAGAJI: Ki ce... ban sani ba, Yaya. Ki ce Malam ya hana.

ZULAI: Malam ba shi ƙarya, ni ma ba ni yi da sunanai. Tsaya. Wa na nan? Af. Magaji, ga shi nan tahe. Yaran gidan Alhaji sun gaya mai kai na ga waya. Ya tsallako titi da kainai.

MAGAJI: Kar ki ba shi.

ZULAI: Ya kawo bakin ƙohwa, shina cire takalmi.

MAGAJI: Ki ce layi ya yanke.

ZULAI: Shina kallona, Magaji. Dariya shika yi. Ɗanka na, ka yi mai magana.

MAGAJI: Ba ni iyawa yau. Gobe. Ki ce gobe za ni...

ZULAI: Shigo, Murtala, a hankali da dokin ƙohwa. Ungo, ga babanka.

MURTALA: Salamu alaikum, Baba. Ina wuni? Baba, na warke, hal titi nika tsallakawa. In za ku taho ran Assabar, but ɗina suna rataye bayan ƙyauren ɗakin Inna, a sa musu mai tun yau don su yi taushi. Baba? Kana jina? Gwaggo, babu kowa ciki. Ƙara kawai taka yi.