Gorunan da Muka Bari a Ruwa

Mai martaba Inkosi sarkinmu, wakiliyar gwamnatin lardi, kansilanmu, Fasto Ngubane, Mama MaCele matar marigayi, Nokwanda 'yarsa, jama'ar garinmu, ina gaishe ku. Sunana Zakhele. Shekara goma sha tara muna jirgi ɗaya da marigayi Baba Dumisa Shozi, muna duba ragar da ke tsare masu wanka daga shak, kifin nan mai cin mutum. Ban iya jawabi ba, amma akwai maganar da ke cin raina, yau zan fitar da ita.

Ya kasance mutum mai faɗa. Duk wanda ya ce bai taɓa shan tsawarsa ba, to bai taɓa zuwa bakin teku ba. Ni kam kullum sai ya ce min, "Zakhele, wannan ƙulli ne ko kitson kakarka?" Sai ya kwance, ya sa in sake.

Ya kasance mai naci. Kun sani duk watan Yuni, in ayarin kifin sadin ya taso, dole mu ɗage raga kada ta kashe dabbobin ruwan da ke biye da shi. A lokacin ne kuma shak ke matsowa gaɓa. Shekara bakwai Baba Shozi yana hawa tasi zuwa ofis, yana roƙon a gina mana shingen roba mai ƙarfi wanda ba a ɗagewa. Sau biyu muka ji a rediyo an ware kuɗin. Aka zo aka kafa allo, muka yi tafi. Allon na nan, ya yi tsatsa.

Mama MaCele, sau uku kin tambaye ni me ya sa mutane suka shiga ruwa ranar da ya rasu, na sunkuyar da kai. Ga amsar.

Ran Talata muka ɗage ragar. Saura gorunan da ke riƙe ta a saman ruwa, sai igiyar ruwa ta fara tashi. Baba Shozi ya ce, "Mu kwashe su. Mutanenmu ba sa karanta sanarwa, gora suke dubawa." Na ce, "Haba Baba, hannuna ya mutu. Gobe ma rana ce." Ya dube ni ya ce, "Rago." Ya juya jirgin. Bai taɓa bin maganata ba sai ranar.

Da safe sadin ya cika gaɓa. Iyayenmu mata suka hango goruna a jere, suka ce raga na nan. Suka faɗa ruwa da kwanduna da bokitai, wasu da zannuwansu, ana dariya. Baba Shozi ya hura usur har ya gaji, ba wanda ya waiwayo. Sai ya shiga da ƙafarsa, yana jan su ɗaya bayan ɗaya, yana zagi. Goma sha ɗaya ya fitar. Ruwan iya ƙugunsa ne lokacin da shak ya kama shi.

Mama, ni na ce a bar gorunan. Nokwanda, ni ne. Ban zo neman gafara a gaban jama'a don a matsa muku ba. In kun yafe, sai ranar da kuka iya.

Ranki ya daɗe wakiliya, mun ji alkawarin da kika kawo, cewa za a sa wa shingen sunansa. Mun gode. Amma ku gina shi tukuna. Yuni zai dawo, sadin zai dawo, matan nan kuma za su shiga ruwa, domin abincin gidajensu ne.

Mun gode wa duk wanda ya tako. Ubangiji ya karɓi bawansa Dumisa, ya sanyaya zuciyar iyalinsa. Ya Ubangiji, ka tsare mana wannan gaɓa badi, domin wanda yake tsare ta mun binne shi. Amin.