Baban Rahila Ya Bar Taba, Gida Ya Ɗau Zafi

Gaisuwa gare ki Anti mai shirin lafiya, da duk masu saurare. Maman Rahila ce daga unguwar Television.

Maigidana walda yake yi a Kakuri, kuma tun kafin aurenmu yake shan taba. Da tari ya matsa masa, asibiti suka sa shi a shirin barin taba. Wata nas da aka horar kan wannan aikin ta ba shi cingam na magani, ni kuma ta ce in riƙa ƙarfafa masa gwiwa.

Ya bari kuwa, tarin ma ya lafa. Amma Anti, mutumin da ke shigowa gida da dariya, yanzu ko cokali ne ya faɗi sai masifa. Ran Lahadi ya daka wa 'yarmu Rahila tsawa don tana rera waƙar coci. Nas ta ce zai wuce, amma ba ta ce yaushe ba.

Jiya yarinyar nan ta raɗa mini, "Mama, a sayo wa Baba karan taba ɗaya mana, ya dawo yadda yake."

Kaina ya kulle. Ni da na shekara da shekaru ina addu'a ya bari, don Allah me zan ce mata?