Irmtraud Kessenich da Ranar Goma ga Wata

Jawabin Ottmar Thielen, mai gidan burodi, a madadin 'yan kasuwar Titin Gada, a zauren coci, makonni shida bayan rasuwarta.

Mai girma Magajiyar Gari, Uwargida Laubach. Fada Mertes, wanda ya jagorance mu a addu'ar safiyar nan. Shugabannin ƙungiyarmu ta 'yan kasuwa. Alfons, mijinta na shekara arba'in da huɗu. Birte, 'yarta, da jikokinta. Maƙwabta da abokan arziki: ina gaishe ku, sannunku da zuwa.

An ce ni zan yi magana da yawun titinmu. Ni mai burodi ne, hannuna ya fi bakina iya aiki. Amma a cikinmu babu wanda ya kai ni yin faɗa da Irmtraud, don haka ina jin babu wanda ya kai ni saninta.

Ta kasance mai riƙe mana littattafan shago shekara talatin da ɗaya. Ta kasance mace da ba ta tsoron ambulan ɗin wasiƙar haraji, mu kuwa tsoro muke ji. Kafin ta buɗe ofishinta a gindin gada, kowa da inda yake ɓoye wasiƙun ofishin haraji. Jupp mahauci a ƙarƙashin sikeli yake danne nasa, ni kuma a bayan buhunan fulawa. Goma ga wata, ranar biyan haraji, ta zo ta wuce, a ci mu tara, sai mu haɗu a mashaya muna zagin gwamnati.

Irmtraud ta zo mana da takarda shafi ɗaya. Ka rubuta lambar asusunka, ka sa hannu, ka ba ofishin haraji izini ya riƙa cire nasa daga banki da kansa ranar da ta dace. Ba mantuwa, ba tara.

Na kira ta da sunan da muka saba kiranta, na ce, "Traudel, ke da hankalinki? In ɗauki mabuɗin aljihuna in ba gwamnati?"

Ta ce, "Wane aljihu? Wanda tara ta riga ta huda? Sa hannu, maƙwabci, ƙullunka na jiranka."

Shekara biyu tana bina. Kullum da safe ta sayi burodi biyu, ta ajiye mini takardar a kan kanta tare da kuɗin. Ni ne na ƙarshe da ya sa hannu, kuma don in huta na sa.

Ta kasance ba ta sakin mutum bayan ya sa hannu. Bakwai ga wata sai wayarka ta yi ƙara: "Akwai kuɗi a asusun? Kada su zo su tarar da wayam, ka ba ni kunya." Shaguna talatin da takwas ta bi haka ɗaya bayan ɗaya, har muka yi shekara da shekaru ba a ci kowa tara a Titin Gada ba. Ƙungiyoyin wasu garuruwa sun zo tambayar yadda muka yi, muka riƙa ɗaga kafaɗa kamar dabararmu ce.

Sai shekarar ruwa. Waɗanda suke nan sun sani, amma jikokinta ba a haife su ba, bari su ji. Ranar Alhamis, biyar ga Yuni, da rana tsaka kogi ya hau titi. Kafin la'asar ruwa ya shanye kantata, ya kashe tandar da na gada daga mahaifina. Gada ta tafi. Ba wuta, ba waya.

Ranar Asabar ina kwashe laka da shebur sai gabana ya faɗi: Talata goma ga wata ce. Yuro dubu tara ke asusuna, kuma dubu bakwai za a cire na harajin wata uku. Ga shi wani tsohon mai burodi a garin tudu, da zai ajiye sana'a, ya aiko cewa zai riƙe mini tandarsa in na kai kafin alƙalami ranar Juma'a. In aka cire kuɗin nan babu tanda, in babu tanda kuwa gidan burodin Thielen ya ƙare a hannuna. Kuma ba ni kaɗai ba ne. Kowa a titin kuɗin da zai tashi da shi ke nan, kuma duk mun ba da izini a kwashe.

Na tafi wurinta da shebur ɗina a hannu. Na same ta cikin takalman robar Alfons, tana jefo jiƙaƙƙun takardu ta taga. Na ce, "Kin gani ko? Ke kika ɗaure mu! Da yanzu kuɗina na hannuna. Ruwa ya ci rabi, takardarki za ta cinye saura!"

Ta dube ni, ta ce, "Ka gama? Kana da biro mai rubutu?"

Ta hau sama ta kwaso tsofaffin littattafan makarantar Birte, ta yage shafukan da ba a rubuta ba. Kowane shago ta rubuta masa wasiƙa da hannu: a dakatar da cirar, a ba mu lokaci. Kwana biyu tana bin ƙofa-ƙofa cikin laka tana karɓar sa hannu. Jupp a kan murfin firjinsa da ya kife ya sa nasa. Litinin da safe, da yake hanya ta yanke, ta hau tudu ta ratsa gonakin inabi a ƙafa, kilomita goma sha ɗaya, zuwa ofishin haraji na gunduma. Da yamma wani manomi ya dawo da ita a tarakta. Muka yanyame ta, ta ce, "An dakatar. Ku matsa in cire takalman nan."

Talata ta zo, ba a taɓa asusun kowa ba. Juma'a na kai kuɗin tanda. Kek ɗin da ke gabanku daga cikinta ya fito. A cikin shaguna talatin da takwas, talatin da shida sun sake buɗewa, kuma duk mun biya harajinmu daga baya har sisin ƙarshe. Ku zaga kwarin nan ku nuna mini titin da ya tashi kamar namu. Muna alfahari da wannan, kuma mun san wa ya yi.

Har makonni shida da suka wuce, nan labarin ya tsaya a sanina. Bayan jana'iza wani dattijo ya shigo shagona, ya ce sunansa Pauly, shi ne ma'aikacin da ya karɓi wasiƙun nan. Ga shi can a kujerar baya, na roƙe shi ya zo. Ya ce a ranar ya gaya mata gaskiya: "Uwargida, babu hoto, babu takardar mai ƙiyasin ɓarna, kuma gobe ne. Ta yaya zan san duk waɗannan ruwa ya ci su, ba wasu ne suka fake da ruwa ba?"

Ta tura masa jerin sunayen, ta ce, "Duba da kyau. Ofishina ya fi na kowa nutsewa, ni ma gobe za ku cire nawa, kuma babu sunana a nan. Ban zo roƙa wa kaina komai ba. Ku cire nawa, ku bar nasu."

Ya ce a kan wannan maganar ya buga hatimi.

Washegari aka cire nata. Na tambayi Alfons, ya ce kuɗin da za ta gyara ofishin ke nan. Ba ta sake buɗe shi ba. Ta koma teburin kicin, shekara goma sha ɗaya tana mana aiki tsakanin tukwane, mu kuwa muna tsokanarta da rowa, muna cewa Traudel ta gano ofishin da ba haya. Ni na fi kowa faɗa. Ita kuwa sai dai ta yi dariya, ta ce in kawo rasit ɗina.

Alfons, ka sani duk shekarun nan, ka riƙe bakinka domin ta ce ka riƙe. Maganar da na gaya mata ranar Asabar ɗin nan ban taɓa janyewa ba, ina ta cewa sai wata rana. Yau ina janye ta a gaban jama'a, kuma ina jin kunya. Ka yafe mini a madadinta.

Birte, ke da yaranki ku bi titin nan da kanku a sama. Duk ƙofar da kuka gani a buɗe, da hannun mahaifiyarki a ciki.

Mun gode wa Magajiyar Gari da Fada, mun gode wa matan da suka dafa kofi, mun gode wa duk wanda ya rufe shagonsa yau ya zo. Ku tashi mu yi addu'a.

Ya Ubangiji, ga baiwarka Irmtraud ta zo gabanka. Ka gafarta mata, ka ba ta hutawa, ka ba iyalinta haƙuri. Mun san halinta: in ka ba ta dama za ta roƙa wa kowa, ta tsallake kanta. Don haka yau mu ne muka kawo sunanta, mu talatin da takwas, kuma shi kaɗai muka kawo. Ka karɓa. Amin.