Sandar da Na Karɓe a Ƙofar Likita

Assalamu alaikum. Mai girma shugaban taro, shugabar kwamitin duba haƙƙin nakasassun sojoji, likitocin da suka amsa gayyatarmu, matanmu da suka yi jinyarmu shekara da shekaru, 'yan'uwana tsofaffin sojoji, barkanmu da ganin juna.

Na gode da aka ba ni dama, ko da yake wanda ya sa sunana a jerin masu magana bai san abin da ya jawo mini ba. Shekara ashirin da biyu na yi ina samanja mai horar da kurata, rabin waɗanda ke zaune nan sun sha tsawata, kuma na san har yau wasu ba su yafe ba. Kuna dariya, to ku saurara.

Magana ta farko a kan wani yarona ce da muke kira Tsinke saboda ramarsa. Yana bakin aiki ya faɗo daga motar kaya, ƙashin ƙwaurinsa na dama ya karye dab da gwiwa, aka sa masa ƙarfe da kusoshi shida. Tun daga ranar gwiwar ba ta lanƙwasuwa sosai, salla ma a kan kujera yake yi. Da aka sallame shi ya nemi haƙƙinsa na nakasa, aka kira shi gwaji, ya roƙe ni in raka shi.

Muna kan benci a ƙofar ɗakin likita aka kira lambarsa. Ya miƙa hannu zai ɗauki sandarsa, na riga shi. Na ce, "Haba Tsinke, soja da sanda a gaban manya? Miƙe, kada ka ba ni kunya." Ya ce, "To, Samanja." Ya shiga yana taku kamar ranar fareti. Ta ƙofa nake jiyo likita yana cewa ya durƙusa, ya durƙusa, ya ce ya tashi, ya tashi, ya ce, "Akwai ciwo?" Tsinke ya ce, "Babu, ranka ya daɗe." Da ya fito rigarsa sharkaf da gumi, ya zube a ƙasa, ni kuwa, wawan banza, na dafa kafaɗarsa na ce ya fidda ni kunya.

Likita bai yi laifi ba, abin da ya gani ya rubuta: ƙafa ta warke. Takarda ta zo cewa bai cancanta ba, da wa'adin kwana casa'in na ɗaukaka ƙara. Tsinke ya ninke ta ya cusa ƙarƙashin katifa, don kada in ji in ce ni na jawo. Sai watan jiya matarsa ta kawo mini ita, bayan an kore shi daga aikin gadi saboda ba ya iya tura ƙofar ƙarfe. Ta ce, "Baba, kai yake jin maganarka, ga abin da jin maganarka ya yi mana." Wallahi na rasa inda zan sa fuskata.

Ta biyu gare ku ce, 'yan'uwa. Ni na koya muku cije baki, ni na koya muku cewa lafiya lau alhali jiki na ƙuna, kuma a fagen daga ban yi nadamar haka ba. Amma ɗakin likita ba filin fareti ba ne. Ku shiga da sandarku, ku shiga da matar da ke ɗaga ku daga gado, inda ya yi zafi ku ce ya yi zafi.

Roƙona gare ki, shugabar kwamiti, ranki ya daɗe, shi ne a sake buɗe fayil ɗin Tsinke duk da wa'adi ya wuce, a sake auna gwiwar nan. In ana son shaida, ga ni, zan rantse in sa hannu cewa ni na ɓata gwajin.

Ina da sauran magana, amma dole in tsaya. Ku waiga baya, ga Tsinke can kusa da taga. Tun da na hau nan yake tsaye a kan ƙafar nan, domin bai taɓa zama ina tsaye ba, kuma na san ko na roƙe shi ba zai zauna ba sai na sauka.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya mai da kowa gida lafiya, ni kuma ya yafe mini. Tsinke, ga ni nan saukowa.

Na gode.